Layi Biyu a Saman Fayil na Huɗu

Akwai wata mata a birnin Sylhet mai suna Dilruba Khanam, wadda kowa a wurin aikinsu yake kira Apa, wato Yaya. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata kafin ta koyi rubuta manhajar kwamfuta. A makare ta koya, tana da 'ya'ya biyu, a ajin da duk ɗalibansa sa'annin ƙannenta ne.

A shekarar 2004 tana aiki a wani ƙaramin kamfani a unguwar Zindabazar, hawa na uku, saman shagunan masu yadi. Mai kamfanin, Mokbul Saheb, wato Malam Mokbul, da can kalanda da katin biki yake bugawa. Bai san komai a kan manhaja ba, amma ya iya karanta fuskar mai saye. Sana'arsu ita ce haɗa faya-fayan CD masu hoto mai motsi da murya.

Wata safiya wata likita mai suna Purnima Das ta hawo benen da aikin da ba su taɓa samun irinsa ba. Ƙungiyar kiwon lafiyar da take yi wa aiki tana son faifan da zai koyar da ungozomomin ƙauyukan Sunamganj, inda da damina ba a zuwa ko'ina sai da kwale-kwale.

"Yawancinsu ba su iya karatu ba," in ji likitar. "Kuma ba sa jin Turanci. Ko harshen Bangali irin na Dhaka ma rabi suke tsinta. Dole faifan ya yi musu magana da harshen Sylhet, irin na gida. A sa Turancin saboda manyanmu, amma ba don su ake yi ba."

Aka raba faifan zuwa fayil shida. Na farko shi ne ƙofa, inda ungozoma za ta zaɓi hotonta da harshenta. Sai goyon ciki, sai naƙuda, sai zubar jini bayan haihuwa, sai kula da jariri, na ƙarshe kuma jarrabawa.

To, a irin wannan aikin akwai wata matsala. Da zarar fayil ɗaya ya rufe na gaba ya buɗe, duk abin da na farkon ya sani ya tafi da shi. Na biyu bai san wace ce zaune gaban allo ba, bai san harshenta ba, bai san maki nawa ta ci ba. Saboda haka ake ware wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta wanda ba ya gogewa idan an sauya fayil. Kowane fayil yana iya leƙawa ciki ya karanta, yana kuma iya rubutawa. A ofishin suna ce masa ma'ajiyar kowa.

Ita aka ba Dilruba, tare da fayil na farko da na jarrabawa. Aiki ne da ba a gani a allo. Ba launi, ba motsi.

Fayil na huɗu kuwa, wanda ya fi kowanne wuya, Shahriar ne ya ɗauke shi da kansa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, bai daɗe da dawowa daga Dhaka ba, inda ya taɓa cin kyautar zane. Gaskiya ya iya aiki. Idan ya zana hannu yana motsi sai ka rantse za ka iya gaisawa da shi. Shi ma kuma ya san ya iya.

Ranar da aka fara, Dilruba ta raba wa kowa takarda guda.

"Gurbi uku ne a ma'ajiyar," ta ce. "Na suna, na harshe, na maki. Fayil na farko ne kaɗai zai rubuta suna da harshe, saura karantawa kawai za su yi. Maki kuwa kowa ya ƙara a kan abin da ya tarar, kada ya share. Don Allah kuma kada wanda ya raɗa wa wani abu nasa ɗaya daga cikin waɗannan sunaye. Kwamfuta ba za ta gane naka ne ko na kowa ba."

Shahriar ya juya takardar gaba da baya.

"Apa, ai wannan jadawalin sharar aji ne. Wa zai goge allo ran Talata?"

Aka yi dariya. Har Mokbul Saheb ya dara.

"Kai za ka goge," in ji Tapan, mai ɗaukar murya, wanda ba a barinsa a baya wajen tsokana. "Ka fi kowa tsawo."

Shahriar ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar. A nan ta kwana, a nan ta yi mako, har da'irar shayi ta cinye rabin rubutun.

Wata biyu ana aiki. Shahriar ya kulle fayil ɗinsa da kalmar sirri, wai kada a kwashe masa dabaru. Idan Dilruba ta zo wucewa ta bayansa sai ya karkatar da allo.

"Layi nawa ne duka aikinki, Apa?" ya tambaye ta wata rana ana cin abincin rana. "Tamanin? Ni gashin idon matar da ke fayil ɗina ya fi haka."

"Tamanin da huɗu," ta ce, tana ɓare ƙashin kifi. "Miƙo mini barkono."

Ranar gwaji na farko Dakta Purnima ta zo ofis da kanta. Ta zaɓi harshen Sylhet. Fayil na biyu da na uku suka tafi sumul, muryar wata tsohuwa da Tapan ya ɗauko tana bayani kamar tana zaune a ɗakin. Aka shiga na huɗu. A lokacin ba a gama ɗaukar muryar wannan sashen ba, hotuna ne kawai. Amma wane irin hotuna! Likitar ta cire tabarau ta matso kusa da allo.

"Wa ya yi wannan?"

Shahriar ya ɗan sunkuyar da kai, irin sunkuyon da ake yi don a ƙara kallonka.

Sai aka shiga fayil na biyar. Lasifika ta buɗe baki da Turanci.

Likitar ta ɗaga gira. Aka lallaɓa har jarrabawa. Duk tambayoyin da ta amsa daidai a sassan baya, allo ya nuna ba ta ci ko ɗaya ba.

Likitar ta juyo ta dube su.

"Ma'ajiyar ce," in ji Shahriar, tun kafin a tambaye shi. "Tana mantuwa a hanya. Ni dama na faɗa. Wannan ba aikin malamar firamare ba ne."

"Sakandare," in ji Tapan a hankali.

Dilruba ta juya ga mai kamfanin. Ta ce, "Saheb, a ba ni kwana ɗaya in duba. Amma sai an buɗe mini duka fayilolin."

"Kin ji ko?" Shahriar ya dubi Mokbul Saheb. "Nata ya lalace, nawa take so a buɗe."

Mokbul Saheb fuskar likitar kawai yake kallo. Ya ga yadda ta haskaka a sashe na huɗu, ya ga yadda ta ɗaure a na shida. Nan take ya yanke hukunci. Shahriar zai sake rubuta ma'ajiyar. Dilruba kuma ta koma teburin baya, inda ake haɗa faifan hotunan biki.

Likitar ta ba su mako uku. Gwaji na gaba a ƙauye za a yi shi, gaban ungozomomin kansu. Idan ya sake faɗuwa, an gama.

A cikin riksha, keken haya, a hanyar gida Dilruba ta yi kuka, ta rufe fuska da gefen mayafi. Ta yi niyyar kada ta koma. Makarantarta ta da ma har yanzu suna nemanta. Amma ta tuna ƙanwar mahaifiyarta da ta rasu a cikin kwale-kwale, awa uku bayan haihuwa, saboda ba wanda ya gane jinin ya yi yawa sai da lokaci ya ƙure. Faifan nan ba na Shahriar ba ne, ba kuma nata ba ne. Washegari ƙarfe tara tana kan teburin baya tana jera hotunan amarya da ango.

Da lokacin cin abinci ya yi, ba ta fita ba. Ta rubuta wata 'yar manhaja ƙarama wadda ke nuna abin da ke cikin ma'ajiyar a kusurwar allo, kowane lokaci. Ta kunna tsohon kwafin faifan, ta zuba ido.

Fayil na ɗaya, harshe Sylhet. Na biyu, Sylhet, maki huɗu. Na uku, Sylhet, maki tara. Fayil na huɗu yana buɗewa, kafin hoton farko ma ya fito, harshe ya koma Turanci, maki ya koma sifili.

Ta sake sau biyar. Duk sau biyar a wuri ɗaya.

Ba ta yi shela ba. Ta jira Shahriar ya sauka shan shayi a bakin titi, ta same shi shi kaɗai.

"Shahriar, na ga inda abin yake. A farkon fayil ɗinka ne. Ina jin lokacin da kake gwada shi shi kaɗai ka sa masa harshe da maki na wucin gadi, don kada sai ka bi ta ƙofa kullum. Kowa yana yin haka. Sai dai sunayen sun zo ɗaya da na ma'ajiya."

Ya hura shayinsa.

"Kin buɗe fayil ɗina?"

"Ban buɗe ba. Ba sai na buɗe ba. Zo ka gani da idonka, minti biyu."

"Apa, ki koma kan hotunan bikinki. Na ji an ce angon ido ɗaya ya rufe, ki gyara masa."

Ta je wurin Mokbul Saheb. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Dilruba Apa, ni rigima ce ba na so. Yaron nan idan ya yi fushi ya koma Dhaka, wa zai zana mini? Ki yi haƙuri."

Ta yi haƙurin.

Shahriar ya sake rubuta ma'ajiyar, ta kai layi ɗari uku. Ya gwada fayil na ɗaya, na biyu, ya tsallaka na biyar da na shida, komai lafiya. Nasa bai bi ta cikinsa ba, don yana da nauyi wajen buɗewa, kuma a ganinsa ba abin da zai duba a aikin da ya fito daga hannunsa. Da muryoyin sashensa suka iso, da Turanci ya saurare su, kamar yadda ya saba. Tapan ya roƙe shi ya ba shi faifan ya bi shi daga farko har ƙarshe. Ya ce ba wanda zai taɓa shi sai ranar.

Ana gobe tafiya likitar ta bugo waya.

"Ku taho da mace. Matan nan ba za su yi maganar haihuwa gaban maza zalla ba. Ina matar nan da ke ofishinku?"

Haka Dilruba ta shiga tafiyar, a matsayin mai riƙe wa tsofaffi linzamin kwamfuta.

Mota ta kai su garin Dirai, daga nan kwale-kwale mai inji ya yi awa biyu da su a kan ruwa. Asibitin ƙauyen ɗaki biyu ne da rufin kwano. An tayar da ƙaramin janareta a baya. Ungozomomi takwas suna zaune a kan tabarma, kowacce da ƙunshin ganyen taunawarta, wanda a can yake kamar goro.

Babbarsu ita ce Joygun Bibi, wadda duk yankin ke kira Khala, wato Inna. Gajeriya ce, bakinta ja wur da tauna, muryarta kuma ta fi ta janareta.

"Wannan akwatin ne zai koya mini karɓar haihuwa?" ta tambaya. "'Ya'ya nawa ya haifa?"

Matan suka kwashe da dariya.

"Ko ɗaya, Khala," in ji Dilruba, tana zama kusa da ita. "Shi ya sa muka kawo shi wurinki ki duba mana ko ƙarya yake yi."

Tsohuwar ta kalle ta sama da ƙasa, ta matsa mata wuri.

Aka sa maza suka koma bakin ƙofa. Dilruba ta ɗora hannun Khala a kan linzami, ta ɗora nata a sama. Da hoton tsohuwar ya fito a allo, muryar ta gaishe ta da sunanta da harshen gida, sai ta ja da baya.

"La ilaha! Wa ya gaya masa?"

Sashe na biyu da na uku ta cinye su kamar wasa. Kafin muryar ta gama tambaya ta ba da amsa, har da ƙarin bayanin da ba a tambaye ta ba.

Aka shiga na huɗu. Hoton mace kwance ya fito, kyakkyawa, numfashinta na hawa da sauka. Matan suka matso. Sai lasifika ta fara zuba Turanci.

"Me yake cewa?" in ji wata.

"Ya koma yaren Landan," in ji Khala. "Ke 'yata, ce masa mu ba mu da ɗa a Landan."

Dilruba ba ta waiwaya ba, amma ta ji motsin Shahriar a bakin ƙofa. Likitar ta ce a ci gaba a gani. Minti goma sha biyu matan suna kallon jini yana zuba a allo, ba su san abin da ake gaya musu su yi ba. Da aka kai jarrabawa, allo ya nuna hoton Khala, ƙarƙashinsa jan rubutu. Tapan ne ya karanta daga ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Ba ta ci ba.

Khala ta miƙe tsaye.

"Ni? Shekara talatin da huɗu! Rabin mutanen da suka tuƙo ku a ruwan nan ni na yanke musu cibiya. Akwati ya ce ban ci ba?" Ta tofar da jan yawu ta taga. "Ku tashi mu tafi, na bar shinkafa a kan wuta."

Dakta Purnima ta rufe littafinta.

"Mokbul Saheb, ya isa. Matan nan sun baro gidajensu tun safe. Za su ci abinci, mu kuma mu kama hanya."

Mokbul Saheb ya fara tattara takardunsa.

"Didi," in ji Dilruba, tana kiran likitar Yaya da harshensu, "ki ba mu lokacin cin abincin kawai. Idan sun wanke hannu bai gyaru ba, ni zan naɗe wayoyin da kaina." Ta juya ga tsohuwar. "Khala, akwatin ne bai ci ba, ba ke ba. Ki ci abinci ki dawo ki ba shi jarrabawa ta biyu."

Khala ta yi ƙwafa. "Saboda ke. Ba saboda shi ba."

Ɗakin ya watse. Shahriar ya zauna gaban kwamfutar, gumi ya jiƙa masa riga har baya. Ya buɗe ma'ajiyarsa mai layi ɗari uku yana hawa yana sauka.

Dilruba ta jawo kujera ta zauna gefensa. Ta yi magana yadda ko Tapan da ke waje ba zai ji ba.

"Ƙanena, ba a nan yake ba. Buɗe na huɗu. Layi goma na farko kawai. Ni zan juya baya idan kana so."

Ya jawo fayil na huɗu. Sannan ya buga kalmar sirrin, a gabanta, bai ce ta juya ba.

Suna nan a layi na uku da na huɗu. Harshe, Turanci. Maki, sifili. A gefensu har da 'yar tunatarwar da ya rubuta wa kansa wata uku da suka wuce: a goge kafin a haɗa.

Ya kafa wa allon ido. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska.

"Kin gaya mini," ya ce. "A bakin titi kin gaya mini."

"Goge su. Sannan ka duba inda kake ƙara maki, ka tabbata a kan na baya kake ƙarawa. Yi sauri, Khala ba ta tauna abinci."

"Za ki gaya musu?"

"In gaya musu me? Faifai ya samu matsala, an gyara. Yi aikinka."

Ya goge. Suka bi fayil ɗin tare, ita tana karantawa yana gyarawa. Ta sa 'yar manhajarta a kusurwar allo, suka bi faifan da gudu tun daga ƙofa. Na uku, Sylhet, maki tara. Na huɗu ya buɗe. Sylhet, maki tara.

Shahriar ya tashi ya koma bakin ƙofa.

Matan suka dawo suna sakace. Khala ta zauna, ta ture hannun Dilruba, ta kama linzamin da kanta. Da aka iso sashe na huɗu, hoton matar ya fito, sai muryar tsohuwar nan ta gida ta ce, "'Yar'uwa, idan zane na biyu ya jiƙe kafin ki gama wanke jariri, kada ki jira. Ɗora hannunki a nan."

A allo hannu ya sauka a kan marar matar, ya fara murzawa. Ana ganin mahaifa a ciki tana tattaruwa tana yin tauri, jinin yana raguwa.

Wata ungozoma ta ɗora hannu a kan cikinta tana kwaikwayo ba ta ma sani ba.

"Tsaya," in ji Khala. "Mayar da shi baya."

Aka mayar. Ta sake kallo. Ta ce a sake. Sau huɗu.

"Shekara talatin da huɗu ina murza wurin nan," ta ce a hankali, "ban taɓa ganin abin da ke faruwa a ciki ba sai yau." Ta waiwaya ƙofa. "Wane ne ya zana?"

Tapan ya turo Shahriar gaba.

"Kai ne? Da wannan gashin naka kamar na ɗan akuya? To, Allah ya yi wa hannunka albarka."

Ta shiga jarrabawa. Da ta gama, allo ya yi kore, muryar ta kira sunanta ta ce ta ci duka, ba kuskure ko ɗaya. Matan suka ɗau shewa, har masu kwale-kwale suka taso daga bakin ruwa su ga me ya faru. Khala ta gyara mayafi.

"Yanzu ya yi hankali," ta ce.

Dakta Purnima ta sake buɗe littafinta, tana murmushi.

"Shahriar Saheb, ka zana, ka kuma gyara cikin rabin awa. Zan sa sunanka a rahotona."

Mokbul Saheb ya fara bubbuga masa kafaɗa. Dilruba tana durƙushe tana warware wata waya da ta harɗe, ba ta ɗago ba.

"Didi, kada ki sa," in ji Shahriar. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so, ɗakin ya juyo. "Ni na ɓata shi. Tun ranar farko laifin a fayil ɗina yake. Ma'ajiyar Apa ba ta taɓa samun matsala ba. Ta ba ni takarda, na ɗora shayi a kai. Ta gano kuskuren mako uku da suka wuce, ta same ni ni kaɗai ta gaya mini, na yi mata rashin kunya. Yau ma ita ta nuna mini layin, ta ce ba za ta faɗa wa kowa ba." Ya juya gare ta. "Apa, ki yafe mini. A gaban mutane na wulaƙanta ki, shi ya sa nake roƙonki a gaban mutane."

Hannun Mokbul Saheb ya sauka daga kafaɗarsa a hankali.

"Ya wuce," in ji Dilruba. "Zo ka riƙe mini wannan wayar."

Khala ba ta gane zancen fayil ba, amma ta gane sauran. Ta buɗe ƙunshinta, ta naɗa ganye da hannunta, ta miƙa wa Dilruba. Matan suka kalli juna, don Khala ba ta ba kowa daga ƙunshinta.

A kwale-kwalen komawa Mokbul Saheb ya taso daga inda yake, yana dafa gefe, ya zo ya zauna kusa da ita.

"Dilruba Apa, ni mai buga kalanda ne. Abin da ido ke gani kawai na sani. Daga gobe ba fayil ɗin da zai fita daga ofishin nan sai ya bi ta hannunki. Kuma ba sauran kulle-kulle."

"Hotunan bikin fa, Saheb?"

"Ni zan yi su," in ji Tapan. "Dama na daɗe ina son in buɗe wa angon nan ido."

An bar kwamfutar a asibitin. Cikin mako guda bakwai daga cikin matan takwas suka ci jarrabawa, ta takwas ta ci a zagaye na biyu. Ƙungiyar ta karɓi faifan, ta kai shi gundumomi huɗu. Shahriar da kansa ya cire ma'ajiyarsa ya mayar da ta Dilruba. A rahoton likitar sunaye biyu aka rubuta, na Dilruba a sama.

Bayan wata bakwai, da hantsi, aka ji hayaniya a matakalar bene. Wata murya tana faɗa da mai shagon yadi, wai ya matsa mata da tsummokaransa. Sai ga Joygun Khala ta shigo tana haki, ɗauke da wani ƙaton kifi naɗe a ganyen ayaba, jelarsa na jan ƙasa.

Ta dire shi a kan teburin Dilruba.

"Na mijin Rahela ne. Ya ce in kawo wa masu akwati."

"Wace ce Rahela, Khala?"

"Matar wani masunci a ƙauyenmu. Tagwaye ta haifa ranar Laraba waccan. Zane na biyu ya jiƙe kafin in juya. Da a da ne, da na ce a jira a gani. Na ɗora hannu na murza, na sa uwar mijinta ta ɗora mata jariri a nono, na ce wa mijin ya tayar da inji yanzu-yanzu. Awa biyu a kan ruwa ban ɗaga hannuna ba. Likitan Dirai ya ce da mun ƙara rabin awa..." Ta kaɗa hannu. "Tana gida. Jiya ma na ji tana zagin mijin."

Dilruba ta miƙe. Ta kama hannun tsohuwar, hannun da ya yi awa biyu bai ɗaga ba, ta riƙe shi da nata biyu.

Shahriar ya taso daga wurinsa, idanunsa sun kawo ruwa.

"Kai kuma me kake tsaye kana kallo?" in ji Khala. "Hawa uku na hawo da kifin nan. Nemo wuƙa."

Ranar ba a yi aiki ba a ofishin. Har masu yadin ƙasa sai da suka ci.

Darasi: Duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa, kada ka taɓa shi kamar naka ne kai kaɗai, domin ɗan sakacinka zai iya rushe wahalar kowa. Kada ka raina mai aikin da ba a gani, sau da yawa shi ne yake riƙe da naka. Idan kuma gaskiya tana hannunka aka ƙi saurarenka, ka yi haƙuri ka ci gaba da aiki, ranar da ta fito ka rufa wa ɗan'uwanka asiri. Ku tura wannan labari ga abokan aikinku, musamman wanda kuka san yana wahala a teburin baya ba a taɓa ce masa sannu ba.